Furodusan da ba ya taɓa na'ura: me mawaƙan da suka yi aiki da Rick Rubin suke cewa?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so mu baje ta, musamman ku masu sana'ar situdiyo. A watan Janairun 2023 shirin 60 Minutes na gidan talabijin ɗin CBS ya yi hira da Rick Rubin, furodusan nan na Amurka mai dogon gemu da yawo ba takalmi. Anderson Cooper ya tambaye shi ko yana kaɗa wani abin kiɗa, ya ce da ƙyar. Ya tambaye shi ko ya iya sarrafa teburin haɗa sauti, ya ce a'a. Ya ce shi dai ya san abin da ya yi masa daɗi a kunne da wanda bai yi masa ba, kuma ba ya jin nauyin faɗa wa mawaƙi. To wannan mutumin shi ne ya kafa kamfanin Def Jam a ɗakin kwanansa na jami'ar New York tare da Russell Simmons, ya yi aiki da LL Cool J, da Johnny Cash, da Metallica, da Jay-Z, da Adele, kuma sau biyu yana karɓar kambun Grammy na gwarzon furodusa, a 2007 da 2009.

Mawaƙan da suka zauna da shi sun rabu gida biyu. Wasu na cewa shi ya dawo musu da martabarsu bayan duniya ta manta da su. Wasu na cewa har yau ba su ga aikin da ya yi musu ba. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa, kuma hali ɗaya suke siffantawa. Bambancin yana ga abin da kowane mawaƙi ya je nema a wurinsa. Ina jiran ra'ayinku.

Mai Situdiyo:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ina ɓangare na biyu, kuma ga dalilina. Slipknot, ƙungiyar nan ta mutum tara masu rufe fuska daga jihar Iowa, sun yi faifansu na uku da shi, ya fito a 2004. A 2011 mawaƙinsu Corey Taylor ya fito fili ya ce Rubin bai cika zuwa wurin ɗaukar ba, in ma ya zo sai ya kishingiɗa a doguwar kujera yana shafa gemu, ya saurara na ɗan lokaci ya tafi. Ya ce wanda ya kwana ya tashi da su shi ne injiniyan sauti Greg Fidelman, kuma a wurinsa shi ne furodusan gaskiya na wannan faifai.

Duk wanda ya taɓa zama a gaban kwamfuta daga isha'i har asuba yana gyara murya ɗaya ya san ciwon wannan magana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A tsarinsu na can furodusa yana da kaso a cinikin faifai, galibi uku zuwa biyar cikin ɗari, yana ci muddin ana saye. Injiniya kuwa kuɗin aikinsa ake ba shi a sallame shi.

Yariman Gambara:
Yaya Mai Situdiyo, da girmanka, amma kada ka ɗauki maganar da ya yi a talabijin a matsayin dukan tarihinsa. Yana saurayi ya kaɗa jita a wata ƙungiyar rok irin na punk mai suna Hose. Kiɗan farko-farko na Def Jam shi da kansa ya riƙa bugawa a injin ganga. LL Cool J yana da shekara 16 lokacin da kaset ɗin gwajinsa ya isa ɗakin Rubin, Ad-Rock na Beastie Boys ne ya tsinto shi cikin tarin kaset ya ce a saurara. A wancan zamanin gambara dogon zance ce, mutum ya yi ta zuba minti bakwai ko takwas ba amshi. Rubin ne ya matsa a yanka ta, a yi baiti a dawo amshi, ta zama waƙar da rediyo zai iya sawa. A bayan faifan LL na 1985 ma ba a rubuta cewa shi ya shirya ba, an rubuta cewa shi ya rage. Aikinsa ke nan tun asali, ya cire duk abin da ba dole ba har sai murya da ganga sun tsaya su kaɗai.

Sannan ku tuna haɗin 'yan gambara Run-DMC da 'yan rok Aerosmith a 1986, a kan tsohuwar waƙar Aerosmith mai suna Walk This Way. Run da DMC kiɗan farkon waƙar kawai suka sani, shi suke hawa a wurin biki. Da Rubin ya ce su rera baitocin asali ƙi suka yi, suna ganin surutun mutanen ƙauye ne. Jam Master Jay, DJ ɗinsu, shi ne ya fara yarda. Waƙar ta kai ta huɗu a jadawalin Billboard, ta buɗe wa gambara ƙofar MTV, ta kuma tayar da Aerosmith da suka riga suka durƙushe. Wane injiniya ne zai kawo wannan shawara?

Baba Na Rediyo:
Yarima ɗana, ka yi bayani mai kyau. Amma mu da muka girma da faifan garmaho, idan aka ce furodusa, Quincy Jones ne yake zuwa mana a rai. Mai busa kakaki ne tun yana yaro, ya iya rubuta kiɗa a takarda, ya tsara wa Frank Sinatra da ƙungiyar Count Basie, kafin ya zo ya yi wa Michael Jackson faifai uku, cikinsu har da na 1982 da ya fi kowane faifai ciniki a duniya. Idan mai goge ya yi kuskure, Quincy zai faɗa masa a wane layi ne. Haka George Martin na Beatles, shi yake rubuta musu kiɗan goge da hannunsa. Kuma Quincy bai taɓa ɓoye injiniyansa Bruce Swedien ba, kullum yana ambatonsa. Wannan shi ne ma'aunin da na sani. Mutumin da zai ce maka "sake, bai yi ba" amma ba zai iya nuna maka inda bai yi ba, ina da ja a kansa.

Abban Sadiq:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ba na musun darajar Quincy. Amma bari in kawo labarin Johnny Cash, don a nan ne nake ganin hujjata ta fi ƙarfi.

Cash ya yi kusan shekara talatin da kamfanin Columbia, suka sallame shi a 1986. Ya koma Mercury, faifansa ba sa tafiya, gidajen rediyon kiɗan kantiri sun daina sa shi. Zuwa 1993 yana wasa a ƙananan wurare, ya haura shekara 60, kowa na ganin ya gama. A nan Rubin ya je ya same shi bayan wani wasa a California. Cash ya tambaye shi me zai yi masa wanda sauran furodusoshi ba su yi ba. Rubin ya ce ya zo falonsa da jita, ya zauna gaban makirfo, ya rera duk waƙar da yake so a ransa, ba ganga, ba 'yan amshi, ba kowa.

Ku lura da abin da ya faru kafin nan. Shekara da shekaru ƙwararrun Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, masu ilimin kiɗa irin wanda Baba yake nufi, suna lulluɓe muryar Cash da goge da amshi don ta yi daidai da yayi. Duk sun fi Rubin sanin na'ura. Amma ba wanda ya ce masa muryarka kaɗai ta isa. Faifan ya fito a 1994, ya ci Grammy, kuma a shekarar Cash ya hau dandalin bikin Glastonbury a Ingila, matasan da ba a haife su ba lokacin da ya yi tashe suka tarbe shi hannu biyu. Cash da bakinsa ya ce ya daɗe yana son yin irin wannan faifai, ba wanda ya ba shi dama.

Daga nan suka ci gaba har faifai shida, biyu sun fito bayan rasuwarsa. Rubin ne yake kawo masa waƙoƙin samari 'yan rok ya ce ya gwada. Mafi shahara ita ce Hurt ta Trent Reznor a 2002. Reznor ya ce da farko abin bai kwanta masa ba, amma da ya ga bidiyon sai ya ji waƙar ta tashi daga tasa. Zaɓen waƙar da ta dace da bakin tsoho mai ciwo, wanda ya san kwanansa ya ƙare, shi ma aiki ne, kuma ba a koyar da shi a makarantar injiniya.

'Yar Wusasa:
Yaya Abban Sadiq na gode da ka kawo wannan. Ina so in ƙara abin da ya fi taɓa ni a labarin. Cash Kirista ne mai riƙo da addini, Rubin kuma daga gidan Yahudawa ya fito, amma a watannin ƙarshe kullum sai sun ci jibin Ubangiji tare, in ba sa wuri ɗaya su yi ta waya, Cash yana jan addu'ar. Matarsa June ta rasu a watan Mayun 2003. Nan da nan ya kira Rubin ya ce a nema masa aiki kullum, don in ya zauna shiru ba zai kai labari ba. Idonsa ya raunana, yana kan keken marasa lafiya, wata rana numfashin ma ba ya isa baiti ɗaya. Rubin ya sa aka ajiye masu kiɗa da injiniya a shirye, duk ranar da ya ji ƙarfi a ɗauka. Cash ya rasu 12 ga Satumba na wannan shekarar. Faifai na biyar da ya fito a 2006 ya hau na ɗaya a Amurka. Mutum ya tsaya maka a irin wannan hali, ba za ka tambaye shi ko ya iya murɗa maɓalli ba.

Mai Situdiyo:
Anti, labarin yana da taɓa zuciya, ban musa ba. Amma ki duba abin da kika faɗa da kanki: an ajiye injiniya a shirye. Sunansa David Ferguson. Shi ne yake zaune da Cash a ɗan gidan katakonsa na Hendersonville a Tennessee, yana ɗaukar muryar da ke yankewa, yana harhaɗa layi da layi har ta zama waƙa. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa jin sunansa kafin yau?

Kuma tunda ana cewa kunne ne jarinsa, to mu yi maganar kunnen. Faifan Metallica na Satumban 2008 shi ya shirya. Da ya fito, masoyansu dubbai suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake haɗa sautin, saboda an ƙure ƙarar har tana tsagewa. Abin da ya tona asirin shi ne wasan bidiyo na Guitar Hero, wanda aka ba shi waƙoƙin kafin a matse su. Mutane suka gwada biyun suka ji na wasan ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Ted Jensen, wanda ya yi tacewar ƙarshe, ya ce a haka aka kawo masa su, an riga an ƙure. Irin wannan ƙorafin an yi shi a kan faifan Red Hot Chili Peppers na 1999, shi ma aikin Rubin ne. Ina kunnen yake a lokacin?

Maman Ilham:
Malam Mai Situdiyo don Allah yi mana bayanin wannan matsewar da Hausa mai sauƙi. Ni na ɗauka ƙara ai a hannun mai sauraro take, ya ƙara ko ya rage.

Mai Situdiyo:
Hajiya, sautin dijital yana da rufi, akwai iyakar da ba ya wucewa. A waƙa ta asali akwai wurin da ake sassautawa da wurin da ganga take dukan gaske. In kana son waƙarka ta fi ta maƙwabci ƙara a rediyo ko a mota, sai ka danne wuraren da suka yi sama, ka ɗago waɗanda suke ƙasa, komai ya taru a jikin rufin. In ka wuce gona da iri sai kan sautin ya yanke, ki ji wani ƙaras-ƙaras a cikin ganga da jita. Ko kin rage ƙarar a wayarki wannan tsagewar tana nan, don a cikin faifan take. Kunne kuma yana gajiya da wuri. Lars Ulrich mai gangar Metallica ya kare sautin, ya ce haka suke so, wannan kuma hakkinsa ne. Amma ni da nake wannan sana'a, in yaron da nake koya wa aiki ya kawo mini haka, zan ce ya koma ya sake.

Maman Ilham:
Na gane, Allah ya saka. To ni bari in kawo Adele, don ita nake saurara, kuma labarinta yana ba kowannenku gaskiya. Lokacin faifanta na 2011 ta je Malibu ta ɗauki waƙoƙi da yawa da Rubin da makaɗansa. Da ta dawo ta saurara sai ta ga wasu na gwajin farko da ta yi a Landan sun fi zafi, don a lokacin ciwon rabuwar yana ɗanye. Ta ajiye nasa a kan waɗannan, ta bar kaɗan daga aikinsa a faifan. Manyan waƙoƙin da duniya ta sani a ciki, Paul Epworth da Dan Wilson ne suka yi su da ita. Wannan maki ne ga Mai Situdiyo.

Amma da ta zo yin na gaba, bayan ta haihu, wa ta kai wa waƙoƙin ya ji? Rubin. Ya saurara ya ce mata bai yarda da ita ba a cikinsu, kamar tana rera abin da ba nata ba. Ita ta ba da labarin a 2015, ta ce ta san gaskiya ya faɗa, gaggawa ta yi. Ta koma ta sake zama. Ku yi tunani, mace ce da faifanta ya sayu fiye da miliyan ashirin, kowa a kamfani yana lallaɓa ta, wa zai iya kallon idonta ya ce wannan bai yi ba? Ta riga ta taɓa ajiye aikinsa, amma da take neman wanda ba zai yi mata ƙarya ba, wurinsa ta nufa.

Mai Jita:
Maman Ilham kin gama magana. Ni mawaƙi ne ƙarami, kuma abin da na fi rasa a situdiyo shi ne wannan. Na taɓa kai waƙa wani wuri, baiti na biyu ni kaina na san cike gurbi ne, kalmomin don su yi kafiya kawai na jera su. Mai kiɗan ya buga fiyano, ya sa mini na'urar gyaran murya, ya ce ta yi zam-zam, na biya na fita. Bayan wata biyu ko ni ba na iya saurarenta. Ya iya na'ura ƙwarai, sautin fes. Da ya ce mini koma gida ka sake baitin nan, da na ji haushi a ranar, amma da yanzu ina da waƙa.

Labarin Anthony Kiedis, mawaƙin Red Hot Chili Peppers, ma haka ne. Rubin ya ziyarce shi yana duba littafin da yake rubuce-rubuce, ya ga wata waƙa a kan kaɗaici da zamanin da yake shan ƙwaya. Kiedis ya ce wannan ba ta ƙungiya ba ce, ta yi sanyi da yawa, su kuma da tsalle aka san su. Rubin ya matsa ya kai wa sauran. Ita ce Under the Bridge, ta kai ta biyu a Amurka a 1992. Ba don shi ba da tana cikin littafin har yau.

Mai Situdiyo:
Ƙanena Mai Jita, ka faɗi gaskiya amma ka faɗi rabi. Mai kiɗan nan da kake magana, kuɗin waƙa ɗaya ka ba shi. Inji yana shan mai, wasu uku suna zaune a benci suna jiran layi. In ya ce ka koma ka sake baiti, gobe wani situdiyon za ka tafi ka ce wancan yana da girman kai. A wurinmu mutum ɗaya ne mai kiɗa, shi ne injiniya, shi ne mai tacewa, wani lokaci shi ne ɗan amshi. Rubin yana iya cewa mawaƙi ya je ya yi shekara yana rubutu don kamfani ne yake biya, kuma yana da kaso a gaba. Ku ba mu kaso a waƙa ku ga in ba za mu faɗa muku gaskiya ba.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da muhawara. Ina biye da ku tun farko. Abin da Abban Sadiq ya faɗa a kan Cash ya tuna mini da Ali Farka Touré na Mali da Nick Gold na kamfanin World Circuit a Landan. Bayan Ali ya ci Grammy da faifan da ya yi da Ry Cooder, sai ya koma gonarsa a Niafunké, ya ce yawon duniya yana raba kiɗansa da tushensa. Gold bai ja shi zuwa Turai ba. Ya kwaso na'urori da janareta da injiniyansa Jerry Boys suka bi shi har bakin kogin Kwara, suka ɗauki faifan 1999 a wani tsohon gini a garin, a lokutan da aikin gona ya ba Ali sarari. Gold shi ma ba a san shi da kaɗa wani abu a faifan ba. Amma ya gane inda mutumin nan zai yi waƙa da zuciya ɗaya. Sai dai a nan sunan Jerry Boys yana fitowa sosai, masu bin irin wannan kiɗa sun san shi. Wato ana iya yin irin aikin Rubin ba tare da an binne injiniya ba.

Yariman Gambara:
Tunda an zo maganar kuɗi, ni ma da nake kare shi akwai inda ba zan kare shi ba. Faifan Beastie Boys na 1986 shi ne na gambara na farko da ya hau na ɗaya a Billboard. Abokansa ne, a ɗakinsa suke yini. Amma sun bar Def Jam cikin rigima, suna cewa an riƙe musu kuɗinsu, suka koma Capitol. Shekaru da yawa tsakaninsu ba daɗi. Shi ma Rubin ya bar kamfanin a 1988 ya koma Los Angeles. Duk wanda zai ba da labarin kunnensa ya haɗa da wannan.

Baba Na Rediyo:
Madalla da wannan adalci, Yarima. Ni kuma zan kawo Black Sabbath, tsofaffin Birmingham, don sa'o'ina ne. Sun yi faifansu na 2013 da shi a situdiyonsa na Shangri-La a Malibu, karo na farko da mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya yi cikakken faifan situdiyo da su tun 1978, ga mai jitarsu Tony Iommi yana jinyar sankara. Rubin ya zaunar da su ya sa musu faifansu na farko na 1970, ya ce su manta da duk abin da ya biyo baya, su yi kamar yanzu za su yi na biyu. Geezer Butler mai jitar bes ya ce daga baya har yanzu bai gane me Rubin ya yi ba. AC/DC ma sun yi da shi a 1995, aka ɓata makonni a New York ana neman sautin ganga kafin a koma Los Angeles, Malcolm Young ya ce ɗaukarsa kuskure ne. Waɗannan ba yara ba ne masu neman suna, mutane ne da suka san situdiyo kafin ya gama firamare.

Abban Sadiq:
Baba, ai misalanka sun ƙara mini ƙarfi. Faifan Sabbath ɗin nan ya hau na ɗaya a Birtaniya, rabonsu da haka tun 1970, kuma shi ne na farko da suka taɓa kaiwa na ɗaya a Amurka. Butler yana cewa bai ga aikin ba, amma shawarar komawa tushe ita ce ƙashin bayan faifan. Haka ya yi wa Metallica, ya ce su koma tunanin da suke da shi a 1986. Haka ya yi wa Neil Diamond, ya tilasta masa riƙe jita yana rerawa kamar yadda yake yi a farkon tashinsa, Diamond yana ta gardama, ƙarshe ya samu faifansa na farko da ya hau na ɗaya a 2008 yana da shekara 67.

Ku duba waɗanda suka yabe shi: Cash, Diamond, Adele, Kiedis. Kowannensu mutum ne da ya tsaya shi kaɗai da alƙalami, yana shakkar kansa, yana bukatar wanda zai ce masa wannan ce, waccan ba ita ba ce. Ku duba waɗanda suka yi ƙorafi: AC/DC, Slipknot, Sabbath. Ƙungiyoyi ne da suka riga suka san sautinsu, abin da suke so shi ne mutum ya zauna da su dare da rana a kan ganga da jita. Shi kuma ba ya yin wannan, ga shi yana riƙe da faifai uku ko huɗu a lokaci guda. Ko a cikin Slipknot ɗin ma ba baki ɗaya suka yi ba, Jim Root mai jita ya ce Rubin yana sauraron abin da ake aika masa kuma yana lura da bukatarsu. Corey Taylor kansa ya sassauta daga baya. Kuma Grammy ɗin da suka ci a 2006 daga wannan faifan ta fito.

Mai Situdiyo:
Yallaɓai, na karɓi rabon da ka yi, yana da ma'ana. Amma ka bar mini wannan: me ƙungiyoyin suka yi bayan sun gama da shi? Slipknot da za su yi faifan 2014, Greg Fidelman suka ɗauka a matsayin furodusa, suka sake ɗaukarsa a 2019. Metallica da za su yi na 2016, Fidelman suka zaunar a kujerar tare da mawaƙinsu James Hetfield da Ulrich, suka sake a 2023. Mutanen da suka ga aikin kowa da idonsu, da kuɗinsu ya zo fita, injiniyan suka kira.

Maman Ilham:
Red Hot Chili Peppers kuma sun tafi wurin furodusa Danger Mouse a 2016, sannan suka dawo wurin Rubin suka yi faifai biyu a 2022. Kowa da inda ya ji daɗi.

Mai Jita:
Yaya Mai Situdiyo, maganar kason nan da ka yi da gaske kake? Ina da waƙoƙi huɗu da ban ɗauka ba. In zo da jita kawai in rera maka, ka faɗa mini wacce za a ɗauka da wacce zan koma in sake, mu rubuta kasonka a takarda kafin a kunna komai.

Mai Situdiyo:
Da gaske nake. Ka zo ranar Talata da safe kafin layi ya taru, ka taho da baitocin a rubuce don in bi su da ido kana rerawa. Takardar kuma mu sa shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.